ZARE: Yadda haraji da doka suka ƙera ɗanɗanon wuskin Ailan da bourbon na Amurka

1/ Jama'a, yau zaren tarihi na kawo mana, a kan abin da yawancinmu a fim kawai muke gani: wuski. Musamman na ƙasar Ailan da kuma bourbon na Amurka. Kafin wani ya shigo da bulala, na san hukuncin giya, kun san shi, ba talla na zo yi ba. Akwai tarihin haraji, bauta, tawaye da karyewar arziki a cikin kwalbar nan. Ku gyara zama.

2/ Akwai mutanen da sana'arsu ke nan, ɗanɗana wuski. Mafi yawan aikin ma da hanci suke yi: a zuba kaɗan a kofin gilas mai tsukakken baki, a ɗiga ruwa, a shinshina, in an kurɓa a tofar. Sukan ce bourbon na da zaƙi-zaƙi, ƙamshin vanila da ƙonannen sukari. Na Ailan kuwa santsi, ɗan yaji, da ƙamshin 'ya'yan itace.

3/ Tambayata ita ce: daga ina wannan bambancin ya fito? Abin da na gano a karatuna shi ne, rabinsa daga gona da ruwa ne, ɗaya rabin kuwa daga ofishin haraji da zauren majalisa. Amma bari mu fara da tukunyar kanta.

4/ Dabarar mai sauƙi ce. Barasa na riga ruwa zama tururi. In ka dafa tsimammen ruwan hatsi, ka kama tururin farko, ka sanyaya shi, ka samu abu mai ƙarfi. Masana irin su Jabir ibn Hayyan da al-Kindi sun inganta tukunyar tata, wato al-anbiq, don turare, ruwan wardi da magani. Daga baya Turai ta ɗauka.

5/ Har kalmar da Turawa ke kiran barasa da ita, alkohol, asalinta al-kuhl ne na Larabci. Eh, kwallin nan da ake rambaɗa wa ido. Da farko tana nufin gari mai laushi ƙwarai, sai ta koma nufin duk wani tatacce, a ƙarshe ta tsaya a kan tataccen ruwan inabi. Kalma ma tana hijira.

6/ A Turai suka raɗa wa tataccen ruwan suna da Latin, ma'anarsa "ruwan rai", don magani suka ɗauke shi. 'Yan Ailan suka juya shi da harshensu: uisce beatha. Bakin Ingilishi ya kasa faɗa, ya murɗe "uisce" ta zama wuski. Wani tsohon kundin tarihin Ailan ya ambaci wani basarake da ya mutu a 1405 saboda ya wuce gona da iri wurin shan "ruwan rai" ɗin. Kun ji suna da aiki.

7/ To ga haraji ya shigo. A 1661 gwamnatin Ingila, wadda ke mulkin Ailan a lokacin, ta ɗora haraji a kan wuski. Talakawan ƙauye suka ɗauke ƙananan tukwanensu suka shige duwatsu suna dafa ta ɓoye, wadda ake kira poitín. Tun daga nan aka shiga wasan ɓuya tsakanin jami'in haraji da mai tukunya, ƙarni bayan ƙarni.

8/ Nan ne wurin da ya fi burge ni. Ana yin wuski ne da sha'ir da aka jiƙa ya tsira, sannan aka busar. A 1785 sai aka ɗora haraji a kan wannan tsirarren sha'ir. Masu masana'anta suka ce to shi ke nan, za mu rage shi, mu cika tukunya da ɗanyen sha'ir wanda babu haraji a kansa.

9/ Wannan dabarar kauce wa haraji ita ta haifar da salon da Ailan ke tinƙaho da shi har yau. Ɗanyen sha'ir ne ke ba shi ɗan yajin nan da kaurin da ke manne wa harshe. Ko da aka daina karɓar harajin, ba su koma ba, don masu saye sun riga sun saba. Ƙari kuma, yawancinsu sau 3 suke tacewa, inda 'yan Sikotland galibi ke tsayawa a 2. Santsin daga nan yake.

10/ A ƙarni na 19 birnin Dublin ne hedikwatar wuski ta duniya. Manyan gidaje huɗu ke riƙe da kasuwa: John Jameson, John Power, George Roe da William Jameson. Gidan Roe kaɗai ya kai yana fitar da galan kusan miliyan 2 a shekara. Duk inda jirgin daular Birtaniya ya je, gangarsu na ciki.

11/ Sai ga Aeneas Coffey. Ɗan Ailan ne, kuma tsohon babban jami'in harajin giya, mutumin da ya shafe shekaru yana farautar masu dafa ta ɓoye. A 1830 ya yi rajistar wata na'ura mai dogayen bututu da ke tata ba tsayawa, dare da rana. Tsohuwar tukunya sai an cika, an dafa, an juye, an wanke. Tasa ta fi sauri, ta fi arha nesa ba kusa ba.

12/ Manyan Dublin suka ɗaga hanci. Suka ce abin da na'urar ke fitarwa salam yake, bai cancanci sunan wuski ba, har littafi suka buga suna yaƙar sa. 'Yan Sikotland kuwa suka karɓe ta hannu bibbiyu, suna gauraya mai arhar da mai ƙarfin ɗanɗano. A 1909 wani kwamitin masarautar Birtaniya ya yanke cewa shi ma wuski ne. Kiɗa ya canza, Dublin ta ƙi canza rawa.

13/ Daga nan masifu suka jeru. Yaƙin neman 'yanci daga 1919 zuwa 1921, yaƙin basasa 1922 zuwa 1923. Amurka, ɗaya daga cikin manyan kasuwanninsu, ta haramta giya daga 1920 zuwa 1933. Ana wata ga wata: rikicin ciniki da Birtaniya daga 1932 zuwa 1938 ya tsauwala wa kayan Ailan haraji a kasuwar da suka fi dogaro da ita.

14/ Gidaje suka riƙa rufewa ɗaya bayan ɗaya. A 1966 uku daga cikin waɗanda suka rage, Jameson, Power da kamfanin Cork, suka haɗe suka zama Irish Distillers don kada su mutu gaba ɗaya. Bushmills ya shigo a 1972. Ƙasar da ta taɓa jagorantar duniya ta koma masana'anta 2 kacal, Midleton da Bushmills, kuma mai su ɗaya.

15/ Mu bar su a nan, mu tsallaka teku. Amurka ta fito daga yaƙin 'yanci da bashi har wuya. A 1791 sakataren baitulmali Alexander Hamilton ya kawo haraji a kan wuski. Ga manomin yammacin Pennsylvania wannan ba ƙaramin abu ba ne: hatsi na da wahalar ƙetare duwatsu, wuski kuwa doki ɗaya ya ɗauka, kuma shi ne kuɗinsu a inda tsaba ta yi ƙaranci.

16/ Suka fara dukan masu karɓar haraji, har aka ƙona gidan babban jami'in yankin. A 1794 shugaba George Washington ya tara mayaƙa kusan 13,000 ya tura musu, tawayen ya watse. Abin dariya: bayan ya sauka, shi kansa ya gina masana'antar wuski a gonarsa ta Mount Vernon. A 1799 ta fitar da galan kusan 11,000, kuma bayi 6 ke aikin.

17/ Can yamma kuma akwai Kentucky, jihar nan ta kajin KFC. Ƙasarta na son masara, ruwanta na ratsa dutsen farar ƙasa da ke tsotse sinadarin ƙarfe, ga dazukan itacen ok na yin ganga. Masara ce tushen zaƙin bourbon. Ana loda gangunan a kwale-kwale, su bi kogin Ohio da Mississippi har New Orleans, tafiyar da ke ba ruwan lokacin tsotsar katako.

18/ Sunan fa? Bourbon gidan sarautar Faransa ne. A 1785 aka sa wa wata gunduma sunan don godiya ga taimakon da Faransa ta ba Amurka a yaƙi. Masana sun kasu: wasu sun ce daga gundumar sunan giyar ya fito, wasu sun ce daga titin Bourbon na New Orleans. Ko ta ina, sunan sarakunan da aka sare kan ɗayansu ne ke kan kwalbar 'yan jamhuriya.

19/ Akwai ɓangaren da tallace-tallace suka daɗe suna tsallakewa: bayi. Su ke noman masara, sare itace, ƙera ganga, hura wuta. A maƙwabciyar jiha Tennessee, wani bawa mai suna Nearest Green ne ya koya wa Jack Daniel sana'ar tun yana yaro. Sai a 2016 kamfanin ya fito fili ya rungumi labarin. Shekaru wajen 150 sunansa na ɓoye a bayan kwalba.

20/ Bayan yaƙin basasar Amurka, algus ya cika kasuwa. Dillalai na sayen tsurar barasa mai arha, su zuba ƙonannen sukari, ruwan taba, har aidin, don launi ya fito, su sayar a matsayin tsohon bourbon. Mutane na cutuwa. George Garvin Brown ya fara sayar da nasa, Old Forester, a rufaffiyar kwalba a 1870 don mai saye ya san ba a taɓa ba.

21/ Masu sana'ar gaskiya, irin su Kanar E. H. Taylor, suka matsa wa majalisa. A 1897 aka yi dokar Bottled-in-Bond: masana'anta ɗaya, kaka ɗaya, shekara 4 a sito ƙarƙashin idon gwamnati, ƙarfin barasa kashi 50 cikin 100. Ku lura, sai a 1906 Amurka ta yi babbar dokar tsabtar abinci da magani. Wato ta kare mashayi kafin ta kare mai sayen madara.

22/ Sai haramcin 1920. Ya rufe kusan kowa, amma an bar ƙofa ɗaya: kamfanoni 6 suka samu lasisin sayar da wuski a matsayin "magani". Likita ya rubuta, ka je kantin magani ka karɓi ƙaramar kwalba duk kwana 10. Marasa lafiya suka yawaita ba zato 😅 'Yan fasa-ƙwauri irin su Al Capone suka yi kuɗi. A ranar 5 ga Disamba 1933 aka soke dokar.

23/ A 1964 majalisar Amurka ta ayyana bourbon a matsayin kayan Amurka na musamman. Ƙa'idojinsa: a Amurka za a yi shi, masara aƙalla kashi 51 cikin 100, ba a ƙara launi, kuma dole ya kwana a SABUWAR gangar ok da aka babbake cikinta. Ku riƙe kalmar "sabuwa", ita ce makullin labarin.

24/ Wutar da ake sa wa cikin ganga na narkar da sukarin katako, ta fito da sinadarin vanila. Zafin bazarar Kentucky na tura ruwan cikin katakon, sanyin hunturu ya dawo da shi. Farin ruwa ke shiga, ja ya fito. Wani kaso kuma na bin iska duk shekara, suna ce masa "rabon mala'iku". Su dai ba su rasa suna.

25/ Tunda sau ɗaya bourbon zai shiga ganga, ina za a kai miliyoyin tsofaffin? Ailan da Sikotland ke saye. Dokar Ailan ta ce shekara 3 aƙalla a gangar katako a kan tsibirin, ba ta ce sabuwa ba. Don haka vanilar da mai ɗanɗano ke ji a wuskin Ailan, sau da yawa ragowar bourbon ce. Wasu gangunan kuma daga gidajen sheri na Sifaniya suke, su ke ba da ƙamshin busasshen inabi.

26/ Ailan ta farfaɗo? Ƙwarai. A 1987 John Teeling ya buɗe Cooley, ya karya kakagidan kamfani ɗaya. A 1988 Pernod Ricard na Faransa ya sayi Irish Distillers, ya zuba kuɗi wurin tallata Jameson a duniya. Yau masana'antun tsibirin sun haura 30. Kuma Jameson ɗin da ya cece su gauraye ne, da ruwan na'urar nan ta Coffey da kakanninsu suka raina.

27/ A Kentucky kuwa, gangunan da ke kwance a sito sun ninka mutanen jihar, wajen miliyan 4 da rabi, fiye da sau 2. Siyasa ma ba ta sake su ba: a 2018 da Amurka ta ɗora haraji a kan ƙarafan Turai, Tarayyar Turai ta rama da kashi 25 cikin 100 a kan wuskin Amurka. Daga Hamilton zuwa yau, mai ganga da mai haraji ba su rabu ba.

28/ Ɗaya gefen kuma dole a faɗe shi. A Ailan ɗin kanta, wani limamin coci, Theobald Mathew, ya fara gangamin barin giya a 1838, miliyoyi suka yi alkawari a gabansa saboda ɓarnar da suka gani a gidajensu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce barasa ta jawo mutuwar mutum miliyan 2.6 a 2019. Wannan lissafin ba ya fitowa a jikin kwalba.

29/ Abin da ni na ɗauka: Dublin na da suna da inganci, ta raina sabuwar na'ura, ta kusa mutuwa. Kentucky na fama da jabu, ta nemi doka ta ɗaure kanta da ƙa'ida, ƙa'idar ta zama jarinta. Duk mai sana'a, ko me yake sayarwa, yana da abin dubawa a waɗannan biyun.

30/ Ku fa, a wurin manyan Dublin kuke da kun karɓi na'urar Coffey, ko da kun tsaya kan tukunyar gado? Ina jiran ku a ƙasa. In zaren ya ƙare ku da wani abu, ku tura wa abokin nan naku mai cewa tarihi ba ya da daɗi.