Makanta da Fatara a Ƙasar Bawku

Matafiyin da ya ratsa ƙasar Bawku a shekarun 1950, har Garu da Tempane, zai ga abin mamaki: tudu cike da gidaje da gonakin da suka gaji, kwarin kogin Volta kuwa, inda ƙasa ke da albarka, ba kowa. Abin da ya kori mutane wani ɗan baƙin ƙuda ne da ke hayayyafa inda ruwa ke gudu da ƙarfi. Cizonsa kan sa wa mutum tsutsa, jiki ya yi ta ƙaiƙayi, bayan shekaru ido ya mutu.

A 1966 wani masanin labarin ƙasa, John Hunter, ya bayyana yadda abin ke juyawa a Nangodi, yamma da Bawku. Yunwa kan tura talaka bakin kogi neman ƙasar noma. Can magidanta su makance, a janye yara daga aiki su zama 'yan jagora, noma ya ragu, sauran jama'a su gudo tudu, inda yunwar ke jiransu. Wanda rumbunsa ke cike ba shi da dalilin sauka kwari, don haka cutar ta fi cin wanda ba shi da zaɓi.

Wannan ba ciwon da mai gida zai magance da kuɗin aljihunsa ba ne, domin ƙuda bai san iyakar ƙasa ba. A 1974 Hukumar Lafiya ta Duniya da Bankin Duniya da ƙasashe 7, ciki har da Gana da Nijar, suka kafa shirin yaƙi da cutar, hedkwatarsa a Wagadugu. Jirage suka riƙa fesa magani a koguna mako-mako. A 1987 kamfanin Merck ya fara ba da ƙwayar Mectizan kyauta. Kafin a rufe shirin a 2002, manoma sun koma kwari da dama.

Abin lura, a tsakiyar wannan aiki ne, a 1985, gwamnatin Rawlings ta ƙara kuɗin asibiti, har ta kai sai an biya ake ba da magani. Manomin da aka tsare wa ido kyauta sai ya sayar da akuya kafin a duba ɗansa mai zazzaɓi. Haka aka zauna har 2003, lokacin da gwamnatin Kufuor ta kafa dokar inshorar lafiya ta ƙasa, aka ɗora yawancin nauyin a kan harajin kashi 2.5 cikin 100 na kayan saye.