Ɗanye da dafaffe a tarihin abincin Adar

Wajen shekarar 1900 wani likita na ƙasar Suwis, Bircher-Benner, ya fara yi wa majinyatansa magani da ɗanyun ƴaƴan itatuwa da ganyaye. Daga irin wannan koyarwa aka samu masu ganin cewa wuta tana kashe amfanin abinci, kuma har yau mabiyanta suna gardama ko kifi da dafaffen abinci suna da gurbi a akushinsu. Mutanen Madawa, Buza da Keita sun daɗe da tasu amsa, wadda suka koya a hannun fari da yunwa.

Ɗanyen abinci ba baƙo ba ne a Adar. Gumba, wato gero da aka daka ba a dafa ba, ana rabonta sadaka tun zamanin kakanni. Magarya, aduwa da goriba ana cin su yadda itace ya bayar, haka ma albasar kwarin Tarka takan shiga kwaɗo ba ta ga wuta ba. Sai dai Ba'adare bai mai da ɗanye doka ba, kowane abinci yana duba abin da yake bukata. Kilishin Madawa shaida ne: ana shanya yankakken nama a rana, a tsoma shi cikin haɗin gyaɗa da kayan yaji, a sake shanyawa, sannan a gasa shi kafin ya shiga kasuwa.

Darasi mafi tsanani ya zo ne daga anza. A manyan shekarun yunwa, kamar Kakalaba ta 1913 zuwa 1914, farin 1973, El Buhari ta 1984, da ƙarancin abinci na 2005, talakawan karkara sun koma ga wannan ɗan itace mai jure fari. Ƴaƴansa suna da ɗaci, kuma suna cutarwa idan aka ci su ɗanye. Mata ne suka riƙe sanin sarrafa su: a jiƙa su kwanaki ana sauya ruwa har ɗacin ya fita, sannan a dafa. Wannan aiki yana cin ruwa da itacen girki a lokacin da duka biyun suka fi wuya, amma shi ya raba abinci da guba.

Kifi kuwa bai da yawa a ƙasar duwatsu da ba ta da kogi mai gudana duk shekara. A 1984, zamanin Seyni Kunce, aka kafa aikin raya karkara na Keita da kuɗin Italiya, tare da hukumomin noma da abinci na Majalisar Ɗinkin Duniya. Maza da yawa sun tafi bida, saboda haka mata ne suka ɗauki mafi yawan duwatsun, ana biyansu da abinci. Madatsun da aka gina suka tara ruwa, aka zuba kifi a wasu. Da kifin ya shigo gida, an bi da shi hanyar nama: suya, banda ko miya. Ilimin likita ya goyi bayan haka, domin kifin ruwan daɗi yana iya ɗauke da tsutsotsi waɗanda zafin wuta ke kashewa.

Yanzu wayar hannu tana kawo wa matasa nasihohin cin ɗanye daga ƙasashen da ba su san anza ba. Ya kamata malamai da ƙungiyoyin al'adu su zauna da tsofaffin matan da suka ga 1984, su rubuta kwana nawa ake jiƙa anza da yadda ake gane ta yi, tun masu sanin suna raye.