Kwas da Mulazama: Nazari a kan Yadda Jihar Arewa ta Horar da Ma'aikatanta, 1954 zuwa 1968

Tsakure

Wannan maƙala ta bi diddigin tadbirin da gwamnatin Jihar Arewa ta yi don magance ƙarancin ƙwararrun ma'aikata, tun daga shekarar da Sardauna Ahmadu Bello ya zama Firimiya har zuwa lokacin da jihohi shida suka gaji aikinta. Natijar bahasin ita ce, an cike giɓin aikin mulki da na shari'a cikin shekaru kaɗan domin an haɗa gajeren kwas da mulazamar manya, amma giɓin likitoci da injiniyoyi ya ƙi cikuwa ta wannan hanya, saboda illarsa tana can tushe, a makarantun sakandare.

Muƙaddima

Lokacin da Alhaji Ahmadu Bello ya karɓi ragamar Jihar Arewa a 1954, ya tarar da ƙasa wadda ta fi sauran jihohin Nijeriya biyu faɗi da yawan jama'a, amma manyan kujerun ofisoshinta suna hannun Turawa, matsakaitan kuwa, wato na akawu da gidan waya da reluwe da ma'aikatar ayyuka, galibinsu suna hannun mutanen Kudu waɗanda makarantun mishan suka riga suka ba su ilmin zamani da daɗewa. Asalin wannan hali ba ɓoyayye ba ne, domin Kwalejin Katsina, wadda aka buɗe a 1922, an gina ta ne don ta fitar da malaman makaranta ƙalilan, sauran waɗanda suka gama Midil kuwa En'e ce take kwashe su, su zama malaman haraji, ko ma'aji, ko magatakardan hakimi. Mas'alar da ke gaban hukuma ita ce, ta yaya za a karɓi mulkin kai, wanda ya tabbata ranar 15 ga Maris 1959, alhali waɗanda za su riƙe alƙalamin mulkin ba su isa ba?

Ƙa'idar ɗaukar aiki da makarantar Kongo

Amsa ta farko ƙa'ida ce wadda Hukumar Ɗaukar Ma'aikata ta Jihar Arewa ta bi, hukumar da Alhaji Abubakar Imam ya yi aiki a cikinta: in akwai ɗan Arewa da ya cancanta, shi za a ba, in babu, a ɗauki na waje bisa kwantiragi, don kujerar ta zauna tana jiran mai ita. An yi ta jayayya a kan adalcin wannan ƙa'ida, kuma mutanen Kudu da ta rufe wa ƙofa suna da hujjar kokawa, amma abin da ya shafi bahasinmu shi ne hikimar kwantiragin, domin shi ne ya ba hukuma wa'adi sananne, ta san cewa a shekara kaza kujera kaza za ta zama fanko, lalle ne kuma a tanadi wanda zai hau ta.

Inda aka yi tanadin shi ne Kongo, a Zariya. Makarantar da aka fara don koyar da akawuna a bayan Yaƙin Duniya na Biyu ita aka ɗaukaka a 1954 ta zama Cibiyar Koyon Aikin Mulki, daga 1957 kuma aka shiga ba da kwas na musamman ga waɗanda za su zama mataimakan Di'o. A nan ya kamata mai nazari ya dakata, domin sau da yawa akan ba da labarin nan kamar kwas ɗin ne kaɗai ya yi aikin, alhali waɗanda aka zaɓo ba yara ba ne da suka fito daga aji jiya. Da yawansu sun riga sun yi shekaru suna hidima, sun ƙirga jangali, sun rubuta lissafin baitulmali, sun zauna a gaban sarki sun ga yadda ake warware rikicin gona da na iyaka. Abin da Kongo ta ƙara musu shi ne nizamin ofis, da dokokin kuɗi, da rubuta rahoto da Turanci, abubuwan da mai hankali yake iya kamawa cikin watanni. Bayan kwas kuma ba a sake su haka nan ba, sai a tura mutum lardi ya zauna ƙarƙashin Di'o ko Razdan, ya bi shi rangadi, ya rubuta takarda a gyara masa, ya yanke shawara a nuna masa inda ya karkace. Wannan ita ce mulazama da malamanmu na zaure suka sani tun fil azal, inda ɗalibi yake lizimtar shehinsa shekara da shekaru, ba a ba shi ijaza sai an ga fahimtarsa da ɗabi'arsa. Ni kuwa a ganina, ita ce ruhin al'amarin duka. Ta wannan tafarki ne aikin ya hau har ƙololuwa, ta yadda a 1963 Malam Ali Akilu ya gaji Bruce Greatbatch a matsayin sakataren Firimiya kuma shugaban ma'aikata.

Alƙalai

Misalin da ya fi kowane fitowa fili shi ne na shari'a. A 1958 gwamnati ta gayyato kwamitin masana ƙarƙashin Sayyid Muhammad Abu Rannat, Babban Jojin Sudan, shawararsu kuma ita ta haifar da sabon kundin dokokin laifuffuka wanda ya fara aiki a 1960. Kundi kuwa ba ya hukunta kowa da kansa, sai an sami alƙalin da ya fahimce shi, alƙalan ƙasar nan kuma a littattafan fiƙihu irin su Mukhtasar da Risala da Tuhfa suka tashi. Sai aka fassara kundin da Hausa, aka riƙa kawo alƙalai da muhutai Kongo rukuni rukuni ana karantar da su. Abin ya yiwu cikin gaggawa ne domin mutanen da aka tara fuƙaha'u ne, sun san mene ne da'awa da shaida da rantsuwa, wasunsu ma sun fito daga Makarantar Shari'a ta Kano da aka kafa a 1934 da taimakon malamai daga Sudan, wadda ta zama Makarantar Koyon Larabci a 1947. Wanda ya iya istinbaɗin hukunci daga nassi ba ya shan wahala in an sauya masa nassin.

Inda dabarar ta gaza

Ba haka abin ya kasance ga likita da injiniya da safiyo ba. Dokta R. A. B. Dikko, likitan farko daga Arewa, sai da ya tafi Birmingham ta ƙasar Ingila ya yi shekaru, kuma babu wata hidima ta En'e da za ta tsaya a madadin waɗannan shekaru, domin malamin asibiti, kome daɗewarsa yana ba da magani, ba zai zama mai fiɗa da kwas na wata tara ba. Irin wannan ilmi yana bukatar yaro ya sami lissafi da kimiyya tun daga sakandare, sakandaren kuwa a lokacin ana ƙirga su da yatsu. Hukuma ba ta jahilci haka ba: ta buɗe makarantar koyon sana'a a Kaduna a 1956, wadda ta zama Kwalejin Kimiyya da Fasaha a 1968, ta kuma kafa Jami'ar Ahmadu Bello a 1962 bayan rahoton kwamitin Ashby na 1960 kan ilmi mai zurfi, Kongo ma ta shiga ƙarƙashinta. Sai dai itacen da aka dasa a 1962 ba a shan inuwarsa a 1966, shi ya sa da tarzomar wannan shekara ta sa dubban ma'aikata 'yan Gabas suka koma gida, ofisoshin lardi suka ci gaba da aiki, amma jiragen ƙasa da gidan waya da wutar lantarki suka shiga mawuyacin hali.

Akwai kuma wata illa da ba a cika ambatonta ba, wadda nake ganin ta fi sauran nauyi. Rijiyar da aka ɗebo 'yan siyasa da masu mulki daga cikinta ita ce ta malaman makaranta. Sardauna da Abubakar Tafawa Ɓalewa da Kashim Ibrahim da Aminu Kano duk alli suka ajiye, haka nan da yawa daga waɗanda suka bi sawunsu zuwa ofis. Duk malamin kirki da aka cire daga aji don a cike kujera a Kaduna, an rage wanda zai koya wa likitan gobe lissafi ke nan. Wannan kamar manomi ne da yunwar bazara ta matsa masa ya taɓa iri. Uzurin hukuma a bayyane yake, tun da wa'adin mulkin kai ba ya jira, amma uzuri ba ya ɗauke asarar.

Rabon gado

Ranar 27 ga Mayu 1967 Janar Yakubu Gowon ya raba Nijeriya jihohi goma sha biyu, shida a Arewa, a watan Afrilu na 1968 kuma suka fara cin gashin kansu. Ma'aikatan da aka tara don gwamnati ɗaya sai aka watsa su Sakkwato da Kano da Maiduguri da Jos da Ilori, Kaduna ta riƙe nata kaso, kowace jiha kuwa tana neman manyan sakatarori da akanta da injiniyoyinta. Matasa suka hau kujerun da a tsohon nizami sai sun yi shekara goma suna kallon mai su, Turawan kwantiragi suna ta tafiya, waɗanda za a lizimta suka yi ƙaranci a kowace hedikwata. Kongo ta ci gaba da ba da kwas, har ma ta ƙara yawan ɗalibai, amma wanda ya gama ya koma jiharsa sau da yawa yakan tarar shi ne babba a sashensa, takardar da ya rubuta kuma babu mai jan alƙalami a kanta kafin ta isa gaban Gwamna.