Yadda Yaron Falke Ke Samun Jarin Kansa

A ƙasar Hausa ta ƙarni na 19, saurayi ba ya wayar gari ya ce zai kafa nasa kasuwancin, domin al'adar fatauci, wato cinikin nesa da ake yi cikin ayari, ta ɗora wannan shawara a hannun ubangida. Yaro yakan yi shekara da shekaru yana kora jakuna daga Kano zuwa Salaga a ƙasar Gwanja, yana koyon yadda ake jera goro cikin ganye a yayyafa masa ruwa don kada ya bushe, kafin a ba shi jari, wato kuɗi ko hajar da zai juya da sunansa. Abin da ubangida ke aunawa shi ne amana, kuma yana da gaskiya, tunda yawancin cinikin a kan bashi yake tafiya.

Fataken da ake kira Agalawa sun yi fice a wannan tarbiyya, kuma daga cikinsu ne Alhassan Ɗantata ya fito, wanda aka haifa a Bebeji a 1877, ya fara da goro, sannan ya shiga sayen gyaɗa bayan da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911.