Tarihin Mashaya da Rayuwar Dare a Palm Springs

Palm Springs gari ne na shaƙatawa a cikin Kwarin Coachella, a hamadar kudancin jihar Kalifoniya ta Amurka, kimanin kilomita 170 gabas da birnin Los Angeles. Tun daga shekarun 1930 sunan garin ya fita saboda otal-otal ɗinsa, da gidajen rawa, da mashayun da ake haɗa barasa mai ƙarfi da ruwan 'ya'yan itatuwa da sukari da ƙanƙara. Tarihin wannan sana'a ya tafi ne tare da zafin hamada, da dokokin giya da caca, da kuma rikicin mallakar ƙasar da aka gina garin a kanta.

Wurin da yanayinsa

Garin yana gindin Dutsen San Jacinto, mai tsayin mita 3,300 da ɗoriya, wanda ke tare hadarin da ke tasowa daga teku. Ruwan saman da ke sauka a shekara guda bai cika wuce milimita 130 ba. Da bazara zafi kan haura digiri 45, kuma a watan Yulin 2024 ma'auni ya kai digiri 51. Da hunturu kuwa rana kan fito da ɗumi mai daɗi, dare ya yi sanyi. Wannan ne ya raba shekarar garin gida biyu: daga wajen Oktoba zuwa Mayu kasuwa ta buɗe, sauran watannin kuma a da can otal-otal rufewa suke yi, ma'aikata su watse.

Asalin masu wurin su ne 'yan ƙabilar Cahuilla, musamman reshen da ake kira Agua Caliente, waɗanda suka zauna a bakin wani marmaro mai ruwan zafi tun kafin zuwan Turawa. A shekarun 1870 gwamnatin Amurka ta yanka kwarin murabba'i-murabba'i kamar gidajen dara. Ta ba kamfanin jirgin ƙasa na Southern Pacific sassa masu lambar mara, ta keɓe wa ƙabilar wasu daga cikin masu lambar cika a 1876 da 1877. Daga wannan rabo ne matsalar Sashe na 14 ta samo asali, kuma za a zo kanta a gaba.

Daga majinyata zuwa taurari

Baƙin farko neman lafiya ya kawo su. Likitocin wancan zamani sun yi imanin busasshiyar iskar hamada tana sauƙaƙa tarin fuka, don haka a 1909 Nellie Coffman ta buɗe Desert Inn a matsayin wurin jinya. Daga baya ta mai da shi otal ɗin masu kuɗi. Otal ɗin Oasis ya biyo baya a 1925, sannan El Mirador mai doguwar hasumiya ya buɗe a daren ƙarshe na 1927.

Kusancin garin da Hollywood shi ya sauya masa alƙibla. Tauraron fim zai iya barin wurin aiki ranar Juma'a da yamma, ya kwana a hamada nesa da idon 'yan jarida, ya koma bakin aikinsa ranar Litinin. A 1934 wasu 'yan fim biyu, Charles Farrell da Ralph Bellamy, suka kafa Racquet Club, kulob na wasan tanis wanda mashayarsa mai adon gora ta zama matattarar manyan 'yan wasa. Farrell ya zama magajin garin daga baya, abin da ke nuna yadda harkar nishaɗi da mulkin gari suka cuɗe tun da wuri.

Haramci da caca

Daga Janairun 1920 zuwa 5 ga Disambar 1933 kundin tsarin mulkin Amurka ya haramta sarrafa giya da sayar da ita. Haramcin bai hana sha ba. Ya dai tura shi ɗakunan ɓoye, kuma ya ƙara wa al'adar haɗin barasa ƙarfi, domin abin da 'yan sumoga ke kawowa sau da yawa yana da kaifi da wari, sai an rufe shi da lemo da zaƙi kafin ya shawu. Masu hali na Los Angeles kan tsallaka iyaka zuwa Tijuana a ƙasar Meziko, inda giya da caca ke gudana a fili. Da shugaba Lázaro Cárdenas ya hana caca a can a 1935, wani kaso na waɗannan mutane ya juyo hamada.

Caca ba ta halatta a Kalifoniya ba a lokacin, don haka gidajenta suka kafu a gefen gari, a yankin da ya zama Cathedral City, inda hukuma ba ta cika leƙawa ba. Wanda ya fi suna shi ne Dunes Club na Al Wertheimer, mutumin da ake dangantawa da gungun 'yan daba na Purple Gang na birnin Detroit. Shi ne kuma ya gina otal ɗin Colonial House a 1936, wanda yau ake kira Colony Palms. Palm Springs ta zama cikakkiyar hukumar gari a 1938. Yaƙin Duniya na Biyu ya katse harkar na 'yan shekaru: a 1942 sojoji suka karɓi El Mirador suka mai da shi asibiti, rundunar Janar George Patton kuma ta riƙa atisaye a hamadar da ke gabas.

Zamanin Chi Chi da Sinatra

Shekaru ashirin da suka biyo bayan yaƙin su ne ganiyar rayuwar dare a garin. A kan babban titin Palm Canyon Drive akwai gidan rawa na Chi Chi, mallakar Irwin Schuman, inda ake cin abinci ana kallon mawaƙa. Nat King Cole, Louis Armstrong, Ella Fitzgerald, Lena Horne da Sammy Davis Jr. duk sun yi wasa a dandalinsa. Tsarin dare ya kasance sananne: da la'asar a zauna bakin kwamin ninƙaya ana shan martini, wato barasar jin da aka sirka da bamut aka sanyaya, bayan faɗuwar rana a sa kwat a tafi cin abinci, sannan a kalli wasa har zuwa ƙarfe 2 na dare, lokacin da dokar jihar ta ce a daina sayar da giya.

A 1953 aka buɗe reshen Don the Beachcomber, gidan da Donn Beach ya fara kafawa a Hollywood jim kaɗan bayan ɗage haramci. Salonsa, wanda ake kira tiki, ya ƙunshi haɗa barasar rake iri-iri da lemon tsami da abarba da kayan ƙamshi, a cikin ɗaki mai duhu da aka yi wa ado da gora da gumakan katako. Abin da aka nuna a matsayin al'adar tsibiran Fasifik ƙirƙirar 'yan kasuwar Kalifoniya ce, kuma mutanen tsibiran sun daɗe suna ƙorafi a kan yadda aka mai da siffofin ibadarsu kofunan shan giya. Ƙorafin yana da tushe. Da yawa daga cikin masu haɗin da suka riƙe sirrin wannan salo a gidajen Donn Beach na farko 'yan Filifins ne, kuma sunayensu ba su yi tashe kamar na masu gidajen ba.

Ba wanda aka fi haɗa sunansa da wannan zamani kamar mawaƙi Frank Sinatra. A 1947 mai zanen gini E. Stewart Williams ya tsara masa gidan Twin Palms, mai kwamin ninƙaya da siffar fiyano. Ana ba da labarin cewa yakan ɗaga tutar barasar Jack Daniel's a ƙofar gida don maƙwabta su san lokacin zama ya yi. Daga baya ya koma Rancho Mirage kusa da kulob ɗin Tamarisk, wanda aka kafa a 1952 ya kuma karɓi Yahudawa a lokacin da wasu kulob-kulob ke rufe musu ƙofa. Da ya mutu a 1998, a Cathedral City aka binne shi.

Na'urar sanyaya ɗaki ta tsawaita kakar baƙi. Tsakanin 1955 da 1965 kamfanin gine-gine na Alexander ya gina gidaje sama da 2,000 masu faffadan gilashi da ƙaramin kwamin ninƙaya, galibi bisa zanen William Krisel, a farashin da matsakaitan ma'aikata za su iya saye. Ta haka zaman shan yamma ya fita daga kulob ɗin taurari ya shiga tsakar gidan malamin makaranta da ɗan kasuwa. Otal ɗin Riviera ya buɗe a 1959, mashayar Purple Room a 1960.

Sashe na 14

Duk wannan hidima tana buƙatar hannaye: masu dafa abinci, masu wanke kofuna, masu gyaran gado, masu ban ruwan furanni, direbobi, magina. Yawancinsu baƙaƙen fata ne da 'yan asalin Meziko da 'yan ƙabilun asali, tare da wasu talakawan Turawa. Sharuɗɗan wariya da ke cikin takardun filaye sun hana su saye ko haya a yawancin unguwannin garin. Wurin da ya rage musu shi ne Sashe na 14, fili mai faɗin murabba'in mil guda, mallakar ƙabilar Agua Caliente, daf da tsakiyar gari, 'yan taku kaɗan daga Chi Chi.

Dokar tarayya a da ba ta yarda a ba da hayar filin ƙabila na dogon lokaci ba, shi ya sa masu jari ba su kula shi ba, mazauna kuma suka gina gidajensu da abin da ya sawwaƙa. Hukumar gari ba ta kai musu kwalta da magudanan ruwa yadda ya kamata ba. A 1959 aka sauya doka, aka halatta hayar shekara 99, nan take filin ya zama zinariya. Daga ƙarshen shekarun 1950 zuwa tsakiyar 1960 aka riƙa tashin mutane, ana rushe gidaje, jami'an kashe gobara na gari suna cinna wa ɓaraguzan wuta. Gidaje fiye da 200 suka tafi a haka, kuma akwai waɗanda suka dawo daga aiki suka tarar da toka a inda suka bar ɗakinsu da kayansu. Su kansu 'yan ƙabilar ba su tsira ba, domin kotu ta naɗa wa da yawansu masu kula da dukiya daga cikin lauyoyi da manyan gari, waɗanda suka ci kaso mai tsoka na kuɗin hayar. A 1968 rahoton ofishin babban lauyan jihar ya ɗora wa hukumar gari alhakin wannan ɓarna da kakkausar murya.

Tarihin mashayun Palm Springs bai cika ba sai da wannan babi. Mutanen da suka fasa ƙanƙara suka goge tebura su ne aka kora domin a samu filin gina ƙarin otal-otal. Sai a 2021 majalisar gari ta nemi afuwa a hukumance. A 2022 aka cire mutum-mutumin Frank Bogert, magajin gari na wancan lokaci, daga gaban sakatariya, kuma a Nuwambar 2024 majalisar ta amince da biyan diyyar dala miliyan 5.9 ga waɗanda abin ya shafa da zuriyarsu. Da yawa daga cikin waɗanda aka ƙona wa gida sun mutu kafin ranar ta zo.

Koma-baya

Las Vegas ce ta karya Chi Chi. Jihar Nevada, inda birnin yake, ta halatta caca tun 1931, kuma otal-otal irin su Sands suna iya biyan mawaƙi kuɗin da gidan abinci ba zai iya ba, tunda ribarsu daga teburin caca take fitowa. Talabijin ma ta zaunar da mutane a gida. Chi Chi ya durƙushe a shekarun 1960, aka rushe ginin a shekarun 1980. Masu kuɗi suka matsa gabas zuwa Rancho Mirage da Palm Desert da Indian Wells, cikin unguwanni masu katanga da filin golf. Gidan Melvyn's, wanda Mel Haber ya buɗe a 1975, yana cikin 'yan kaɗan da suka riƙe tsohon salo.

Gurbin taurari sai ɗaliban jami'a suka cike shi a lokacin hutun bazara. A 1986 taron nasu ya rikiɗe ya zama tarzoma a Palm Canyon Drive. Mawaƙi Sonny Bono, wanda ya yi magajin gari daga 1988 zuwa 1992, ya tsaurara dokoki har ɗaliban suka ƙaurace, ya kuma assasa bikin fina-finai na ƙasa da ƙasa da aka fara a 1990.

Farfaɗowa

Garin ya sake tashi ta hanyoyi da dama. Daga farkon shekarun 1990 titin Arenas ya zama cibiyar mashayun masu neman jinsi ɗaya, waɗanda suka sayi tsofaffin gidaje da ƙananan otal-otal suka gyara, suka kuma zama babban kaso na mazauna da na majalisar gari. Hukuncin Kotun Ƙolin Amurka na 1987, a shari'ar da ta shafi ƙabilar Cabazon ta wannan kwarin, ya buɗe wa ƙabilun asali ƙofar gudanar da caca a ƙasarsu. A 1995 Agua Caliente ta buɗe gidan cacarta a tsakiyar gari, a cikin Sashe na 14 ɗin nan, kuma yau tana cikin manyan masu ɗaukar ma'aikata a kwarin.

Bikin waƙa na Coachella, da aka fara a garin Indio na wannan kwarin a 1999, ya jawo matasa daga ko'ina a duniya kowane Afrilu. Makon bikin gine-ginen tsakiyar ƙarni na 20, wanda aka soma a 2006, ya mai da gidajen Alexander da na Sinatra abin ziyara. Sababbin mashayu suka koma ga tsofaffin littattafan haɗi suna farfaɗo da su. A 2014 Bootlegger Tiki ta buɗe a ginin da Don the Beachcomber ya taɓa zama. Wasu masu haɗin suna sa zaƙin dabino, amfanin gonar da kwarin ya shahara da shi tun farkon ƙarni na 20, lokacin da aka kawo dashensa daga Aljeriya da Masar da Iraƙi. Haɗin da babu barasa a ciki ma ya samu gurbi a jerin abin sha na gidaje da yawa.

Matsalolin sana'ar a yau sun haɗa da tsadar haya, wadda ke tilasta wa ma'aikata zama a Desert Hot Springs ko Indio su riƙa doguwar tafiya bayan tashi daga aiki da tsakar dare, da rikici tsakanin mazauna da masu ba baƙi hayar gidaje na 'yan kwanaki saboda hayaniya. Akwai kuma batun ruwa: otal-otal da filayen golf suna zuƙa daga rijiyoyin ƙarƙashin ƙasa da ake ƙara wa ruwan Kogin Colorado, kuma a 2013 ƙabilar Agua Caliente ta kai hukumomin ruwa na kwarin kotu kan haƙƙinta a wannan ruwa, inda kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta tabbatar mata da shi a 2017.