Daga Wagadugu zuwa Tibiri: tarihin karatun ruwa a ƙasashen Sahel

Sanin ruwa tsohuwar sana'a ce a ƙasar Hausa. Mahaƙin rijiya na Gobir ko na Damagaram yakan karanta ƙasa da ido da tafin hannu, ya gane inda yumɓu ya ƙare da inda yashi mai danshi ya soma. Amma karatun ruwa na takarda da alƙalami, wanda ake fita da shaidar injiniya, sabon abu ne a wurinmu, kuma tarihinsa ya bi sawun fari da masifu.

Lokacin da Nijar ta samu ƴancin kai a 1960, galibin masu tsara ayyukan ruwa Turawan Faransa ne. A 1963 gwamnati ta kafa OFEDES, ma'aikatar da ta baza rijiyoyin siminti a karkara. Sai dai ba kowace ƙasa cikin tsoffin renon Faransa ce ke da ƙarfin buɗe babbar makarantar injiniyoyi ita kaɗai ba. Saboda haka ƙasashe 14, har da Nijar, suka haɗa kai a kan makarantu biyu a Haute-Volta, wadda ake kira Burkina Faso a yau: EIER, wadda aka kafa a Wagadugu a 1968 domin injiniyoyi, da ƙanwarta ETSHER domin manyan ma'aikatan fasaha. Mai koyar da Faransanci ba zai rasa lura da sunayen ba. Akwai kayan aikin karkara a cikinsu, akwai aikin ruwa, amma babu kalmar muhalli. Tambayar zamanin ita ce: ina ruwan yake, kuma nawa famfo zai zuƙo a awa ɗaya?

Farin da ya soma a 1968 ya kai ƙololuwa a 1973, ya kashe dabbobi, ya watsa ƙauyuka. A wannan shekara aka kafa CILSS, ƙungiyar ƙasashen Sahel mai yaƙi da fari, kuma a 1974 ta buɗe cibiyar AGRHYMET a Yamai, inda ake koyar da auna ruwan sama da kwararar koguna da bin diddigin damina. Ɗaliban wannan cibiya sun ga darasinsu da ido a watan Yuni na 1985, sa'ad da kogin Isa ya daina gudu a gaban babban birnin ƙasa.

Darasi mafi ɗaci kuwa a jihar Maraɗi aka koye shi. A tsakiyar shekarun 1980 aka soma ba mutanen Tibiri ruwa daga rijiyar burtsatse mai zurfi. Ruwa ne garau, ba wari, ba laka, irin wanda kowace uwa take wa ɗanta fata. Ashe yana ɗauke da sinadarin fuluwor fiye da ninki uku na miligiram 1,5 a lita, iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta gindaya. Shekara da shekaru yara suna sha. Haƙoransu suka rine, ƙasusuwan wasunsu suka lanƙwashe, ƙafafu suka karkace, kafin a gane cewa cutar daga famfo take fitowa. A 2002 ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta FIDH ta fitar da rahoto a kan lamarin. An iya haƙa, an iya kafa famfo, an kuma samu ruwa mai yawa; abin da ya yi rauni shi ne gwajin ruwan a ɗakin bincike da maimaita gwajin a kai a kai. A ganina, babu wani babi a tarihin ruwan ƙasar nan da ya fi cancantar a karanta wa ɗalibin injiniya a makonsa na farko.

A 2006 makarantun biyu na Burkina, waɗanda suka riga suka haɗe, suka ɗauki sabon suna: 2iE, cibiyar ƙasa da ƙasa ta injiniyancin ruwa da muhalli, mai ba da digiri na biyu da na dokta. Kalmar da ta ɓace a 1968 ta shigo.

Ta shigo a kan kari, domin ƙasa ta soma yin abin da tsohon lissafi bai hango ba. Bincike a yankin gabashin Yamai ya nuna cewa ruwan ƙarƙashin ƙasa ya hau da kusan mita 4 tsakanin 1963 da 2007, alhali a cikin waɗannan shekaru ne aka yi manyan fari. Dalili shi ne sare daji domin noma: ƙasa ta yi tauri, ruwan sama ya daina tsayawa a gona, yana gangarawa cikin tafkuna, daga can ya nitse. Wannan gangarowa tana cikin abubuwan da ke ƙara wa kogi ƙarfi da damina, kamar a ambaliyar Satumba ta 2020 da ta cinye unguwannin bakin kogi a Yamai. Masu binciken sun gano hawan ruwan ne ta hanyar zura igiyar awo cikin rijiyoyin ƙauye, suna kwatanta abin da suka samu da alƙaluman da wasu ma'aikata suka rubuta tun shekarun 1960.