Hurumi da Burtali a Ƙasar Birnin Kudu da Gwaram

Shanu sun riga takarda zuwa Birnin Kudu. A jikin Dutsen Habude da Dutsen Mesa akwai zanen shanu da mutanen dā suka bari, marasa tozo, irin da ba a kiwo yanzu a wannan yanki. Tun wancan zamani ake raba ƙasar nan tsakanin mai shuka da mai kora.

A tsarin gargajiya na ƙasar Kano, wadda Birnin Kudu da Gwaram suka daɗe a cikinta, dagaci ne ke ba da daji a sassabe. Shi ne kuma ke hana taɓa hurumi, wato filin da aka bar wa gari don kiwo, itace, maƙabarta da masallacin idi. Burtali kuwa shi ke ratsa gonaki ya kai dabbobi mashaya, manoma na kare gefensa da shinge. Ba kyauta aka yi wa Fulani ba, ciniki ne. Bayan girbi shanu su shiga gona su ci kara da harawa, su bar taki. Manomi ma da kansa yake roƙon a yi masa zaman gona.

Turawa ba su rushe wannan ba, sun dai ɗora masa doka. Dokar ƙasa ta 1910 ta sanya duk filayen Arewa a hannun Gwamna, Dokar 1962 ta gaje ta, sannan a 1965 gwamnatin Jihar Arewa ta kafa dokar keɓe makiyaya. Sai dai yawancin wuraren da aka ware ba a kammala musu rajista ba, kuma makiyayar da ba ta da turaku da takarda, wa zai tsaya mata a kotu?

A ganina babban sauyi ya zo ne a shekarun 1970. Farin 1973 ya turo garkuna kudu, inda damina ta fi albarka. Gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya rage ikon sarakuna, Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 kuma ta ba ƙaramar hukuma damar bayar da filin karkara, har hekta 500 don noma da 5,000 don kiwo. Hurumi ya tashi daga hannun dagacin da ya san kowace tsamiya a kan iyaka, ya koma ofis. Takin zamani ya shigo, manomi ya rage bukatar kashin shanu, kara ya zama abin sayarwa. Da aka soke jangali a zamanin gwamnan Kano Abubakar Rimi talakawa sun yi murna, kuma da gaskiyarsu, amma daga nan makiyayi ya daina zama hanyar kuɗin shiga da hukuma za ta yi tattali.

Sauran ya biyo baya da sauri. Gado ya yanyanka gandu, barin gona ta yi saura ya zama tarihi, shirin Fadama na shekarun 1990 ya kai injin ban ruwa bakin mashaya. Bayan kafa Jigawa a 1991 garuruwa suka faɗaɗa, gonakin bakin titi suka koma fuloti. Kowace damina mai gona ya ƙara kunya ɗaya cikin burtali, har hanyar da garke ke bi a sake ta gagari amalanke.

Sule Lamido, ɗan Bamaina a ƙaramar hukumar Birnin Kudu, wanda ya mulki jihar daga 2007 zuwa 2015, ya sa aka sake shata makiyaya da burtali, aka kafa hukumar sasanta manoma da makiyaya. A lokacin rikici ya lafa ƙwarai. Amma Gwaram na iyaka da Jihar Bauchi, kuma garken da ya bi buɗaɗɗiyar hanya a nan yana iya tarar da ita a toshe da dawa da zarar ya ƙetara.